Wane ne An?

Shekara talatin da ɗaya ina hawa bene na uku,
ɗakin ƙarshe, mai taga a kan tashar ruwan Antofagasta.
In jirgin ƙasa ya zo wucewa da farantan tagulla
sai in yi shiru, alli a hannu, har ya gama surutunsa.

Darasina na Juma'a ne da yamma,
an cusa shi bayan lissafi da ilimin ƙarafa.
Rubutun rahoto, in ji takardar jami'a.
Darasin gyangyaɗi, in ji yara.
A taron malamai Farfesa Olivares ya tambaye ni,
yana murmushi, ko waƙafi ya taɓa riƙe gada.
Na haɗiye. Sau biyu ƙarin girma ya tsallake ni,
wai bincikena ba ya hawa ma'auni.

Amma ba Olivares ne abokin gabana ba.
Wata 'yar kalma ce, harafi biyu.
An samu tsagewa a bango.
An lura da ɗan ƙarin guba a rijiya ta huɗu.
An ɗauki matakan da suka dace.
Nakan zagaye ta da jan biro, in rubuta a gefe:
Wane ne An? Ina gidansa?
Shi ma daga wannan rijiyar yake sha?

Nibaldo, mai zaman baya, hula har gira,
ya ce, Malama, lamba ba ta ƙarya.
Na ce haka ne, sai dai ba ta da ƙafa.
Wanda ya ɗauko ta shi ke zaɓar inda zai ajiye ta,
shafin farko, ko rataye na tara.
Na tura shi wani ƙauye a gaɓar Loa
ya karanta wa Doña Eufemia shafi uku
tana ɓarar masara a cinya.
Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce,
Ɗana, in ba awakina ruwan, ko kar in ba su?
Ya duba takardarsa gaba da baya.
Amsar ba ta ciki.

Ranar Litinin ya dawo ba hula.
Sau bakwai ya sake rubutun.
Na ba shi biyar cikin bakwai,
har yau ina ganin na yi rowa.

Ba duka na ci ba, kar in yi wa kaina kirari.
Wasu sun tafi da wuƙar da na wasa musu,
suna shimfiɗa tabarma mai kyau a bakin rami.
Nakan ga jimlolinsu a jarida, sumul, ba tuntuɓe,
in gane hannuna a ciki.
Ranar abinci ba ya shiga.

Yau na ɗaure littattafaina a kwali tara.
Mai shara ta ce a bar mata tukunyar furen.
A ƙarƙashin ƙofa na tsinci ambulan,
hatimin Calama, ƙura a bakinsa.
Kwafin wasiƙa ce, layi huɗu:
Ni, Nibaldo Araya, na auna bangon madatsar ranar Talata.
Ba zai kai ruwan Fabrairu ba.
Gidaje arba'in ne a ƙasansa.
Ku kwashe su yanzu.

A bayan takardar, da fensir:
Sun kwashe su, Malama.
Ni kuma sun mayar da ni ɗakin ajiyar fayil.
Na samo An. Ashe ni ne

Bai sa aya a ƙarshe ba.
Hannuna ya kai ga jan biro da kansa,
na cire murfi,
jirgin tagulla ya taso daga ƙasa,
na tsaya, kamar kullum, ina jira ya wuce.